Shaidar da Inna ta nema

Inna ba ta iya karatu ba, amma ta iya danna waya ta yi magana a ciki, kuma tun da jikokinta suka koya mata ban sake samun hutu ba. Saƙon da ya jawo wannan labari ya same ni a ƙofar wata makaranta a unguwar Safa ta Jidda, ina zaune a mota ina jiran 'ya'yan kafilina, Balaraben da nake wa aiki, su fito. Ta daɗe tana magana, rabi kuka ne.

Ta ce ƙanena zai zo umra, kuma a wurina zai sauka. Ta ce gari ya ɗauka ya bar addini. Mata sun rage shigowa gaishe ta, an kuma gaya mata liman ya yi huɗuba bai kama suna ba, amma kowa ya san da wa ake. Daga nan muryarta ta bushe, ta ce, "Kai ne babba, kuma kai ne kusa da ɗakin Allah. Ka duba min shi. In yana salla ka faɗa min. In ba ya yi ka faɗa min, in cire shi daga cikin 'ya'yana, kada ya taɓa makarata."

Mu biyu ne maza a wurinta. Ni na tsaya a aji huɗu na firamare, shi ya zarce har ya zama malamin sakandare, kuma ba don ya fi ni kai ba ne, ko da yake haka ake faɗa. Baba ya rasu, dole wani ya tura baro a tasha, aka duba aka ga ni ne mai ƙashi. Daga baro na zo aikin hajji ban koma ba. Na yi shekaru ina takari a Sharafiyya, ina wankin mota da bokiti da tsumma, babu iƙama, wato takardar izinin zama, in na ji jiniya sai in nemi wurin ɓuya. Daga baya Allah ya haɗa ni da wani Balarabe mai gida a Abhur, ya zama kafilina, na zama direban iyalinsa. Ɗaki ɗaya gare ni a bakin ƙofar gidan, da na'urar sanyi mai tari kamar tsoho. Duk tsawon shekarun nan in Inna za ta yi alfahari da ɗa, malam take ambata. Ni akan tuna da ni in damina ta kusa ɗaki na yoyo.

Abin da ya jawo masa, yadda na tsinta a bakin 'yan garinmu da ke nan, wata ƙungiya ce ya shiga. Masu cewa gwamnati ta cire hannu daga addini, addini ma ya bar mata aikinta. Kada a ɗebi dukiyar jama'a a biya wa wasu kujerar Makka ko ta Ƙudus. Kada a tambayi mutum addininsa kafin a ba shi aiki. Kada hukuma ta sa ma'aikaci ya bi mutane yana duba wa ya yi ibada wa bai yi ba. A cikinsu akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai kuma waɗanda suka ce su ba su da addini ko ɗaya, mutuntaka kawai suka sani. Ƙanena ya shiga rediyo ya faɗi wannan magana da bakinsa. Ba a daɗe ba wani mai muƙami ya aika masa da kujerar hajji kyauta, ya mayar. To a garinmu wanda ya mayar da kujerar Makka me ya rage a kira shi? Daga nan aka daina ganinsa a masallaci, ya kuma tara suma, shi da kullum kansa yake tal.

Maganar kujera ban ga laifinsa ba, sai dai ban faɗa wa kowa ba. Na ɗauki alhazan gwamnati a mota a lokacin da nake kabu-kabu a ɓoye. Na ga wanda ya zo karo na biyar a kujerar da ba guminsa ba, tambayarsa ta farko ina ake sayar da zinariya, ta biyu ina ake auna kaya. Amma zama da marasa addini, wannan ya tsaya min a wuya.

Na je tarbarsa filin jirgi da hantsi. Mutanen jirginsu suna ta fitowa cikin harami, farare tas, wasu sun ɗaura shi kamar za su shiga wanka. Sai ga nawa cikin kaftani ruwan toka da hula, suma ta fito ta ƙarƙashin hular duk furfura. Wanda ya zo umra daga Najeriya a jirgi yake ɗaura harami kafin a wuce miƙati, ko yaro ya san wannan. Ya rungume ni, ya ce Yaya ka tsufa. Na ce ai ba a kujera na tsufa ba kamar wasu. Ya yi dariya, irin dariyarsa ta da, ta hanci. Na tambaye shi ina haraminsa, ya ce yana jaka, yana so ya huta kwana uku a wurina tukuna. Na rubuta ɗaya a raina.

Ni ba malami ba ne, ban san yadda ake auna imanin mutum ba. Kuma aikina ba ya barina in zauna: safe makaranta, hantsi kasuwa da uwargidan kafilina, la'asar wani wuri, duk sallolina in ban da asuba a hanya nake yi, inda aka ajiye ni. Sai na yi dabara. Darduma ɗaya ce a ɗakin, a ninke a kan akwati. Na ɗauki tsinken ashana na sa a cikin ninkin, daidai inda in aka ɗaga zai faɗi. Na ce in na dawo na ga tsinken ya motsa, shi ke nan.

Ranar farko tsinke yana nan. Da asuba na tashe shi mu tafi masallacin unguwa, ya ce je ka, Yaya, zan yi a nan. Na dawo na same shi yana dafa shayi, darduma a ninke, tsinke yana nan. Rana ta biyu haka. Rana ta uku haka. Na dinga kai yara makaranta ina tsara yadda zan faɗa wa Inna, har na wuce kwanar gidan sau biyu, uwargida ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. Na ɗauki waya sau nawa in danna, in ajiye. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka ake faɗa, amma masu faɗar ba a ba su wuƙar a hannu ba.

Hira muna yi, ba wai ba ma yi ba. Ya ba ni labarin ajinsa da iska ta yaye rufin shekara biyu ke nan, yara suna zaune a ƙasa, in hadari ya taso sai a tashe su. Ya ce shekarar da rufin ya tafi, a unguwarsu kaɗai ya san mutum huɗu da aka kai Makka kyauta. Na ce to sai ka je ka zauna da arna? Ya ce da su yake hawa mota, da su yake bin layi a asibiti, rufin kuma da ya yaye bai tambayi addinin yaran da ke ƙarƙashinsa ba. Na ce boko ke nan, a tambaye ka gabas ka nuna yamma. Ya ce ni ma ai na iya, tun da ya zo nake kewaye-kewaye ban tambaye shi abin da ke bakina ba. Na yi kamar ban ji ba.

Juma'a ce ranar hutuna, kafilina ya ba ni ƙaramar motar gidan. Na ce masa ya ɗaura haraminsa a ɗaki mu kama hanyar Makka, kamar yadda nake yi, kamar yadda na sha sa baƙi su yi. Ya ce a'a. Ya ce ni mazaunin Jidda ne, daga ɗakina zan ɗaura, amma shi ya shigo da niyyar umra ya wuce miƙati, sai ya koma miƙati. Ya ce in kai shi Juhfa. Na ce ka san inda Juhfa take? Arewa ce, kusan awa biyu, sannan mu juyo mu wuce Jidda mu nufi Makka. Ya ce ya sani, haka Baba ya karantar da mu a zaure, Juhfa ce ta mutanen yamma, ko na manta? Na manta. Na ji haushi ƙwarai, don ni na fi shi zama da Baba.

Muka fita bayan rana ta ɗaga. Teku a hagu, rairayi a dama, manyan motoci suna wuce mu. Ni kuwa kaina ya kulle. Mutumin da bai taɓa darduma kwana uku ba, shi ne zai sa ni tuƙin awa biyu don miƙati? Na ce a raina wataƙila hoto yake so, ya kai gida ya rufe bakin mutane. A hanyar Makka akwai inda ake raba hanya, allo ya nuna wanda ba Musulmi ba ya bi ta gefe. Tun daren jiya nake tunanin allon nan. Na ce ba zan wuce da shi wurin ba sai na ji daga bakinsa.

Mun yi nisa na rage gudu, na ce, "Kai, ni ba na iya kwana-kwana. Kana salla ko ba ka yi?"

Ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro wani abu ya ajiye a gaban sitiyari. Tsinken ashana ne.

Ya ce, "Ga tsinkenka, Yaya. Tun ranar farko na gan shi. Na bar maka shi inda ka sa, na shimfiɗa mayafina a ƙasa. Yau da za mu fito na ce bari in ɗauko maka, kada ka bar ma'aikacinka shi kaɗai a ɗaki."

Na ce don me zai wahalar da ni haka, yana ganin ina ramewa. Ya ce don ya ga iya inda zan kai. Sai ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Kai da kake ba mu labarin masu sanda, ashe kai ma ka samu taka."

Maganar nan ta shige ni. Wanda bai zauna a garin nan a shekarun baya ba ba zai gane ba. A da in an kira salla sai ka ji ƙofofin kantuna suna sauka, ga masu sanda a mota suna zagayawa suna cewa salla, salla. Mu 'yan takari mun fi kowa tsoronsu, don in suka tsayar da kai maganar salla ce za ta koma maganar iƙama, daga nan sai tarhil, a tusa ƙeyarka gida da kayan jikinka. Saboda haka in na hango su sai in yar da tsumma in faɗa masallacin da ya fi kusa. Na yi salla babu alwala, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Na taɓa yin la'asar uku a rana ɗaya, a masallatai uku, don duk inda na fito sai in gan su, kuma a cikin ukun babu wadda na san abin da na karanta. Ina sujada ina tunanin bokitina da na bari a titi. Na ba su wannan labari, shi da Inna, a waya tuntuni, muna dariya.

Da aka karɓe sandar daga hannunsu, kantuna suka daina rufewa dole, na yi zaton garin zai watse. Ni kaina na ji tsoron kaina, na ce wataƙila dama sandar nake yi wa salla. Sai ga shi wata rana ina jiran uwargida a ƙofar kanti, aka kira azahar, babu mai kallona, babu mai kora ta, na tashi na nemi famfo na yi alwala a natse har da tsefe gemu. Ranar na san tawa ce. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, kuma ban faɗa masa a motar ba. Na dai ɗauki tsinken na jefar ta taga, na ce halas, ya isa haka, kada ya ƙara min wa'azi, ni ba ɗan ajinsa ba ne.

A Juhfa ya yi wanka ya ɗaura harami, ni ma na ɗaura nawa tunda na zo. Ya yi raka'a biyu a waje, a gefen mota, bai shiga masallacin ba. Na lura, amma na gaji da lura. Da muka juyo ya fara talbiya, muryarsa a shaƙe kamar ta Baba in ya yi mura. Muka wuce Jidda, muka wuce allon nan da na kwana ina tunani, ban ko ɗaga kai na kalle shi ba.

Mun isa bayan an sauko daga Juma'a, jama'a na fitowa mu muna kutsawa. A bakin ƙofar Harami sai ya tsaya cak. Na ce yalla, mu je, mutane na ture mu. Na juya na ga gumi yana zuba a fuskarsa, idonsa a kan taron da ke fitowa. Na ɗauka zafi ne. Na kama hannunsa kamar yadda nake kama shi in za mu tsallaka titin tasha muna yara, na ja shi muka shiga. Bai saki hannuna ba har muka gama zagaye na biyu. Na ciro waya in ɗauke shi hoto don Inna, ya girgiza kai, ya ce ba hujja ya zo nema ba. Na mayar da ita.

Ni ba na zuwa wurin masu askin kusa da Harami, suna aske mutum kamar suna fige kaza. Da rezata nake zuwa. Muka koma inda muka ajiye mota, muka raɓe a inuwarta, ya fara yi min nawa, ya yanke ni wuri biyu, na ce abin da boko bai koya masa ba ke nan. Sannan ya zauna a kan kwali na jiƙa masa kai na fara. Suma ta yi yawa, sai da na bi ta da almakashi tukuna. Da na iso ƙeya reza ta yi tuntuɓe. Na share da yatsa. Tabo ne, tsawon ɗan yatsana, da sawun ɗinki a gefe da gefe.

Na tambaye shi mene ne wannan. Sai ya faɗa min. Juma'ar da ta biyo bayan maganar rediyo ya je masallaci kamar kullum. An sallame yana neman takalminsa a bakin ƙofa, wani ya jefe shi da dutse ta baya. Bai ga ko wane ne ba, kuma duk waɗanda ke wurin babu wanda ya gani. Wani abokin aikinsa ne ya kai shi aka ɗinke, ya kwana biyu a gidansa, aka ce wa Inna ya tafi taron malamai, saboda hawan jininta. Ya bar suma ta rufe wurin. Ya ce tun daga ranar in ya nufi ƙofar masallaci ya ga taro sai ƙafarsa ta ƙi, ya gwada ya gwada, sai ya koma yi a ɗaki. Ya ce shi ya sa ya zo. Ya ce in akwai ƙofar da za ta karɓe shi, wannan ce, in kuma ya kasa shiga nan, to ya san abin ya gama da shi.

Na ce, "Shi ne ba za ka faɗa min ba, sai da na sa maka ashana?"

Ya ce, "Ai ba ka tambaye ni me ya same ni ba, Yaya. Kana salla ka tambaya."

Na ƙarasa askin a hankali, ina zagaye tabon. Ban san ko haushi ne ya fi yawa a cikina ko sanyi ba, amma sanyin ya fi daɗewa. Na ce masa har yanzu ban yarda da zamansa da mutanen nan marasa addini ba. Ya ce wanda ya kai shi ɗinkin ɗaya daga cikinsu ne. Na ce to Allah ya shirye shi, ya ce amin, shi ma kullum haka yake masa addu'a, mutumin yana cewa ya gode.

Ya roƙe ni kada in gaya wa Inna maganar dutse. Na ce kansa yanzu tal yake, in ya cire hula zai yi alwala a tsakar gida za ta gani, gara ta ji daga wanda ba ya iya ƙarya. Na matsa gefe na danna waya. Na ce, Inna, ɗanki yana salla, ya ma fi ni sanin ta, ya sa ni tuƙin da ban yi niyya ba don ya cika umrarsa daidai. Na ce masallaci da ya daina zuwa, a ƙofar masallacin aka fasa masa kai, ni na aske shi na ga wurin da idona, ya warke. Na ce matan da suka daina shigowa gaishe ki, ki bar su, shayinki ya huta. Na ce kuma kada ki ƙara aiko ni leƙen sallar wani, ni direba ne.

Amsarta ta same mu a hanyar komawa Jidda, rana ta yi ƙasa tana dukan idona. Na sa a lasifika. Ta yi kuka, ta yi hamdala, ta zagi mai dutsen har kakanninsa, ta ce a shafa masa man zaitun a wurin, ta tambaya ko ya ci abinci. A ƙarshe ta ce Allah ya yi muku albarka, ku biyun. Na mayar da wurin na sake ji. Ƙanena ya ce ai ka ji, me kake nema kuma. Na ce ya yi min shiru, shi ya saba ji.

Muka tsaya a wata bakala, ɗan kanti a wani gidan mai, na sayo man zaitun ƙaramar kwalba da ruwa mai sanyi. Aka kira magariba muna wurin, mai kantin bai rufe ba, yana ta ba wani canji. Akwai ɗan masallaci a bayan gidan mai, mutum bai fi goma ba a ciki. Ban kira shi ba, na nufi famfo. Ina wanke ƙafa na ji an buɗe famfon da ke kusa da nawa.